Kwalbar da Ilu Ya Bari

Tun da aka kafa sabuwar doka, ranar sadakar arba'in ake goge muryar mamaci daga kowace waya. Jiya aka goge ta Ilu.

Takaba ba ta hana matarsa Tabawa fita ba. Da sassafe ta goya wata ƙatuwar kwalba mai ƙahonnin tagulla, sai rumfar Baba Sallau, tsohon mai gyaran rediyo.

"Baba, a ƙarƙashin gadonsa na same ta. Mece ce?"

Ya jujjuya ta. "Wannan wuta mai ƙarfi take ci, 'yar nan. Ko ta injin hoton ƙashi ce, ko ta tashar rediyo, mai tura magana gari-gari."

"Ta rediyo ce! Can yake karanta gaisuwa. Muryarsa na ciki ke nan? In an fasa za a ji?"

Ya miƙa mata kwalbar.

"Tabawa, sai da aka zuƙe komai kafin a rufe ta. Ko iska babu a ciki."

Ta karɓa, ta share ta da bakin zane, ta mayar baya.

"Don Allah kar ka faɗa wa 'yata. Tun jiya kunnenta ke manne da ita."