Mai Rabon Ruwa da Ƙofofin Fadama

Ka tambaye ni yadda injiniyoyi ke sarrafa babbar masana'anta, wadda in ka taɓa nan sai can ya motsa. To, gyara zama.

An yi wani mai rabon ruwa a wata fadamar noman rani. Magudana ɗaya ce ke fitowa daga madatsa, ta rarrabu zuwa ƙofofi barkatai, kuma shi kaɗai ke buɗewa da rufewa. In ya sakar wa masu shinkafa, albasar can ƙasa ta yi yaushi. In ya koma kan albasa, masu tumatir su biyo shi da fartanya a hannu. Ya so ya raba wa mutane aikin, amma ta ina zai yanka, tunda kowace ƙofa daga 'yar'uwarta take ja? Da farko ya haɗa ƙofofin da suka fi ƙwace wa juna ruwa mai yawa, ya danƙa wa mutum ɗaya. Rigima ta ƙaru.

Wata rana yana zagaye, wani abu ya ɗaure masa kai. Ya ga an rage wa shinkafa ruwa har cikin tanki guda, ita ko a jikinta. Fangalin albasa kuwa, tulu biyu kacal ya rasa, ƙasarsa har ta tsattsage. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce, “Ashe ba da mudu ɗaya zan auna su ba.” Sai ya sake awo, yana gwada asarar kowace gona da ƙishinta. Abin mamaki, alaƙar wasu ƙofofi da yake wa kallon igiya sai ga ta zare, wani zaren kuma ashe igiya ce. Da ya bi ya yanke a kan zararrukan, fadamar ta rabu da kanta gida uku. Ya ba kowane gida mai tsaronsa, ba sa ma neman juna sai ran kasuwa. Shekarar nan albasa ta cika rumfa.

Haka injiniyoyin suke yi. Sukan jera lambobin tsarin layi-layi, su ƙara wannan layi su rage wancan gwargwadon girmansa, har ƙananan rukunai su bayyana, kowanne da mai juya shi. Hausawa dai sun riga su faɗa: daidai ruwa, daidai tsaki.