Ranar Rage Haƙora

Tun da aka fara shuka haƙora a dasashi, giɓi ya ƙare a Malumfashi. Sai dai haƙoran ba sa daina girma, dole duk wata a je asibitin kamfani a rage su.

Da safe Iya Tasallah ta riƙo hannun mijinta, Malam Barau, suka tarar da asibitin a kulle. Mutane na zaune a inuwa, kowa ya rufe baki da ƙyalle, babu mai magana.

"Ɗan nan, yaushe likita zai dawo?" ta tambayi mai gadi. "Malam ya daina cin tuwo, kunu ma da ƙyar."

"Iya, ai masu kamfanin sun kwashe injinansu sun tafi." Shi ma maganarsa ba ta fita sosai.

"To, bari mu je wajen maƙeri."

"An gwada. Haƙoran ne suke cinye magagarinsa."

Malam Barau ya so ya ce su koma gida, amma leɓɓansa suka ƙi haɗuwa. Tasallah ta goge masa yawu da gefen mayafinta. A lokacin ta ji nata haƙorin yana sukar leɓenta a wurin da jiya bai kai ba.