Zanen Yana Kan Igiya

Balki tana da wani tsohon zane shuɗi da ba ta ɗaurawa, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa shi. Na Jamila ne, 'yarta mai shekara tara da ke fama da farfaɗiya. Tun ranar da ciwon ya fara kayar da yarinyar, gwaggon mijin Balki ta gargaɗe ta cewa duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ya ɗauka. Shi ya sa in Jamila ta faɗi, sai Balki ta naɗe hannuwanta da zanen kafin ta kusance ta. Ba muguwar uwa ba ce, tana son 'yar nan kamar ranta. Abin da aka gaya mata ne ta riƙe da hannu biyu.

A ƙofar gidansu a unguwar Talladjé take suyar ƙosai. Maƙwabciyarta Priska, malamar makaranta 'yar Dogon Dutsi, tana da ɗa kurma, kuma duk Asabar takan kai shi ɗakin karatu na jama'a da ke bayan layinsu.

"Maman Jamila, ki zo mu je bibliyotek," in ji Priska. "Iyaye irinmu suna haɗuwa can. Akwai littattafai masu hotuna, wasu ma da Hausa."

Balki ta kwashe da dariya. "Haba Madam! Ni da ko ƙofar lakwal ban leƙa ba, balle in yi boko? Can ai wurin masu tabarau ne."

"Sai a karanta miki mana."

"To, sai wata Asabar."

Asabar kuwa ta yi ta zuwa tana wucewa.

Wata safiya Balki ta wanke zanen ta shanya. Jamila na zaune gefen murhu sai ciwon ya taso mata, ta kife, hannunta na dama ya faɗa cikin garwashi. Balki ta ƙwalla ihu ta zabura da gudu, amma ba wurin 'yarta ta nufa ba. Igiyar shanya ta nufa. Taku goma zuwa, taku goma dawowa. Kafin ta janye yarinyar, wuta ta gama ɓarnarta.

Wata biyu suka yi suna jelen asibiti. Yatsu uku suka ƙage, ba za su ƙara miƙewa ba.

Bayan an sallame su, da ƙafarta Balki ta je ta buga wa Priska ƙofa. A ɗakin karatun, mai kula da wurin, Malam Sadiƙ, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya zaro wani ɗan siririn littafi ya buɗe. Ga hoton wata uwa durƙushe, tana juya ɗanta a kan gefensa da hannuwanta tsirara. Ya karanta mata a hankali: farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma abu na farko shi ne a janye mutum daga wuta ko ruwa nan take.

"Malam, tun yaushe littafin nan yake nan?"

"Ya girmi 'yarki, Malama."

Balki ta yi kuka mai cin rai. Amsar tana bayan layinsu tun kafin ta haifi yarinyar.

Ranar ta yayyaga zanen ta mai da shi tsumman goge kasko. Yanzu duk Asabar ita ke fara isa, tana jan wasu iyaye biyu ko uku, Jamila kuma na gefe tana koyon rubutu da hannun hagu.

Ya ku iyaye, ɗakin karatu ba na masu boko kaɗai ba ne. In kuna da yaro mai lalura, ku shiga ku tambaya, a karanta muku. Kada ku bari wuta ta riga ku sanin abin da littafi zai gaya muku kyauta.