Zoben Ƙarƙashin Randa

Da mai gwanjo ya nuna zoben azurfar ya ce shekararsa ɗari bakwai, sai wani direban tasi ya ɗaga hannu. Matarsa ta jawo masa riga. Kujeru suka zo nema a kayan wani attajirin unguwar Irving Park da ya mutu ya bar akwatin tsofaffin zobba.

Wata Baturiya ta taya, ya ƙara. Ta ƙara, ya ƙara, har ta haƙura.

A mota matarsa ta kasa shiru. "Malam, kuɗin kujerunmu ka zuba a zoben Turawan da?"

"Ba nasu ba ne. Ko shekara arba'in bai kai ba."

"Ka san jabu ne, ka saya?"

Ya nuna mata cikin zoben: zane uku, na ukun a karkace.

"Alamar Baba ce. A Damagaram ƙarƙashin randa yake binne zobban da ya ƙera damina biyu su tsufa, sannan ya sayar wa Turawa."

Rashin takardun zama a ƙasar Turawa ne ya hana shi komawa gida jana'izar tsohon. Ya zura zoben, ya zauna masa daram. Da yatsan kansa Baba yake auna kowane zobe.