Tafin Hannu a Takardar Mahauta

"Koci, na kama shi. Ka huta."

Haka Renny Coates ya ce da kabarin Amos Tillery ranar Lahadi, bayan an tashi daga majami'a. Jar ƙasar ba ta ko gama kwanciya ba. Ya tsaya da ƙafar hagu a sandare, don gwiwar ba ta lanƙwasuwa tun shekara biyar da suka wuce, ranar da ta faɗa wani rami a filin kwalejin, ramin da kullum ake cikewa da yashi, ruwan sama yana kwashewa.

Ƙungiyar ƙwallon Kwalejin Tallow Bend ta buga wasa goma sha tara a jere ba ta ci ko ɗaya ba. Hukumar makarantar ta ce in bana ba a samo yara na ƙwarai ba, filin zai koma wurin ajiye motoci. Koci Tillery ba shi da halin zuwa nesa neman 'yan wasa, sai ya bi lungunan gida: 'ya'yan masu yankan katako, 'ya'yan masu kiwon tarwaɗa, ƙattin da ke waƙa a majami'a.

Yana da tasa hanyar. Zai zauna a kicin ɗin uwar yaro, ya ci soyayyar kaza da burodin masara har ya nemi ƙari, sannan ya zaro irin takardar da mahauta ke naɗe nama, ya sa yaron ya ɗora tafinsa, ya zagaye shi da fensir. "Baki na ƙarya, hannu ba ya yi," in ji shi. Renny ma an zana nasa, a teburin kakarsa. Da gwiwar ta tafi, karatun ya bi ta, Kocin ya riƙe shi mataimaki, yana ce masa ɗana.

Amma shekara huɗu ke nan, duk yaron da hannunsa ya cika takarda, kafin mako biyu sai ga mutumin babbar jami'ar jiha a ƙofar gidansu, da doguwar mota da alƙawarin karatu kyauta. Bai taɓa ɓatan gida ba. Yara goma sha ɗaya suka tafi haka. Wani ne ke kai masa labari.

Mutum uku ne kawai ke zuwa gidajen: Koci, da Renny, da tsoho Hollis, direba kuma mai wanke kayan wasa. Renny ya sa masa ido. Hollis yana da ƙane mai shara a babbar jami'ar. Ya sayi sabon takalmi a kaka. Kuma duk Juma'a shi ke kai wasiƙu gidan waya. Da Renny ya kai ƙara, Kocin bai ko ɗago kai ba. "Ƙyale tsohon nan, ɗana. Je ka cike ramin can." Duk sanda aka ɗauke musu yaro, Kocin bai taɓa yin faɗa ba, sai ya fita ya daɗe yana kallon filin.

A Disamba zuciyarsa ta tsaya, a bakin filin nan. Kwana uku da binne shi, Renny ya tare Hollis a ɗakin ajiye hulunan wasa, gaban yara.

"Kawu Hollis, me suke ba ka a kan kowane yaro?"

"Ji ɗan nema! Ni da na wanke maka wando tun kana da ƙafa biyu?"

"Wasiƙun Juma'a fa?"

Hollis ya ajiye makullin motar a kan benci. "Ban taɓa buɗe ambulan ɗin wani ba," ya ce, ya fita. Kafin magariba gari ya ɗauka, har mai aski ya daina gaishe shi.

Kuma daga ranar labarin ya daina fita. Renny ya je gidan su wani ƙaton yaro, Tobiah Greer, shi kaɗai, ya ci kazar uwarsa, ya zana hannun da ya kusa zarce takardar. Mako shida, babu doguwar mota. Ranar Laraba Tobiah zai sa hannu a takardar shiga kwalejin, ƙungiya ta tsira. Wace shaida kuma ake nema?

Ya juya zai bar kabarin ke nan ya ga doguwar motar nan a bakin maƙabarta. Mutumin babbar jami'ar ya taho da hula a hannu, ya ajiye fure, ya dubi ƙafar Renny kafin ya dubi fuskarsa.

"Kai ne Renny," ya ce. Ya miƙa masa wani ambulan mai kauri. "Ban san wanda zan mayar wa ba."

Sai da motar ta ɓace Renny ya buɗe. Takardun mahauta ne, tafin hannu goma sha ɗaya, kowanne da suna da lambar gida. A bayan kowanne, da karkataccen rubutun nan na Koci da ya fi sani fiye da nasa, layi ɗaya ne tak: Zo ka ɗauke shi kafin filina ya ci gwiwarsa kamar ta Renny.

Hollis yana gida babu aiki, Tobiah zai sa hannu ranar Larabar nan, takardar hannunsa tana aljihun Renny, kuma har yanzu bai faɗa wa kowa ba.