Tamfol ɗin Ƙurya

Ranar Asabar ambaliyar ruwa ta tafi da layin shagunanmu a kasuwar bakin kogi. Yau Talata aka kira ni in karɓi shagona, yadda na'urar hukumar kasuwa ta ɗauki hotonsa kafin damina. Haka dokar take yanzu: abin da na'urar ta gani, shi take sake ƙerawa ta mayar.

Kwalayen sabulu sun dawo, da benci, har ƙusar da nake rataye hula. Na wuce ƙurya, inda na shekara biyu ina tara wa 'yata Rumasa'u kayan ɗaki. Bikinta saura kwana tara. Tamfol ɗin da na rufe su da shi yana tsaye da tudunsa. Na ɗaga, ba komai a ciki.

Na ƙwala wa ma'aikacin hukumar kira.

"Malam Tanimu, ina gadon? Ina tukwanen?"

"Baba Haladu, ranar hoto mun ce kowa ya buɗe kayansa."

"Kayan amarya zan buɗe a tsakiyar kasuwa, kowa ya sa musu ido da baki? A gidanku haka ake yi?"

"Mu ma rufewa muke. Na'urar ce ba ta san kunya ba." Ya miƙo takarda. "Sa hannu, an mayar maka da komai."

Ban karɓa ba. Sai ga wayar Rumasa'u.

"Baba, an ce shago ya dawo! Har da... na ƙurya?"

Na dubi tamfol ɗin. Bai faɗi ba, yana riƙe da siffar gadonta.

"Yana nan a rufe," na ce.