Saura Kwana Uku a Goge Hansatu

Tun da aka kafa dokar goge duk sunan da ya shekara ba a kira shi ba, Hansatu ba ta damu ba, sai ranar da ta je sabunta katin zaɓe, na'urar rajista ta ce mata saura kwana uku a goge nata. Maigida "ke" yake ce mata, maƙwabta kuma Maman Nafi'u.

A gida ta tarar da 'yarta Zulai tana karatun jarrabawa.

"Zulai, kira sunana. Sau ɗaya tak."

"Haba Umma, da bakina?"

"Na yafe miki. Kira, don Allah."

Zulai ta rufe littafin.

"Umma," ta ce a hankali, "wai mene ne sunan naki?"